Ranar da Ɗan Yaya Ya Ƙi Cin Hanta

Na ga Sallah da yawa a garin nan na Sakkwato, wasu sun shige mini kamar ruwan da aka zuba a rairayi, amma akwai Babbar Sallah ɗaya da ba za ta gogu a zuciyata ba sai ran da ƙasa ta rufe mini ido. Mu biyar ne a gidan ranar, can unguwarmu ta Ƙofar Marke. Akwai Malam, maigidana, baduku mai ɗinkin gafakar da ake sa Alƙur'ani a ciki, ya kuma yi karatu gwargwado wurin tsofaffin da suka ga kafuwar garin. Akwai yayarsa, wadda nake kira Yaya, malamar mata ce, har daga ƙauyuka ake zuwa ɗaukar karatu wurinta, kullum da malfarta a ka. Akwai ɗana na fari, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Gwandu ba, da matarsa, yarinya mai shiru-shiru. Sai ni. Na shida rago ne, kuma shi ya tono rigimar.

Sai na faɗa muku yadda nake da yaron nan, don in ba haka ba, ba za ku gane nauyin abin ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta san da zamansa. Ana yaye shi Yaya ta ɗauke shi, ita ta goya shi, ita ta fara ɗora masa alif a allo. Ni ko zancensa ya kama sai in ce "ɗan Yaya". Har ya yi gemu ban taɓa duban idonsa na ce masa kanzil ba. Amma wanda aka hana wa baki ba a hana masa ido ba. Na san takunsa tun daga zaure, na san tarinsa, na san yadda yake murza kunne in abu ya dame shi. Kowace layya kuma nakan cusa ƙodar rago ƙarƙashin tuwonsa ba tare da kowa ya sani ba. Shi ma bai taɓa cewa ya gani ba. Sai dai in kwanon ya dawo in tarar ya ɓare kitsen ƙodar ya ture shi gefe, don tun yana ƙarami ba ya cin kitse. Iyakar hirarmu ke nan, shekara da shekaru.

Da ya dawo daga Gwandu, ya dawo da karatu kamar sabuwar wuƙa, kome ya gani sai ya gwada kaifinta. Mai kawo mana itace ma bai tsira ba, sai ya tsayar da shi da kaya a ka yana tambayarsa siffofin Ubangiji. Matarsa kuwa kullum da hantsi tana bita: abin da ya wajaba ga manzanni, gaskiya da amana da isar da saƙo. Ni ban taɓa riƙe allo ba, daga bakin turmi na tsinci wannan ɗin. Na sha cewa a raina, kunya dai ta yi mini rana, da ni ma an tsayar da ni.

Ranar Sallar, maza suka dawo daga Idi, aka jira har labari ya zo liman ya yanka nasa. Malam ya je kwance rago, ashe tun da safe da ya ba shi ruwa bai ƙulle igiyar ba, rataya ta kawai ya yi. Rago ya ga wuƙa, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya bi ta kan tulun ruwa ya fasa shi, ya ture Yaya daga kan kujerarta, malfa ta yi gefe tana gangarawa. Baduku guda, wanda duk unguwa ke kawo wa ɗinki, ga shi yana zagaya rumbu da babbar riga yana bin rago. Yarinyar nan ta toshe baki da gyale. Ni ban yi dariya ba, tuluna nake kallo.

"Malam," na ce, "mutum ya tsufa yana ƙulla fata, igiyar rago ta gagare shi?"

Ya riƙo ƙahon rago yana haki yana dariya, ya ce, "Haba, ki yi haƙuri. Kakanmu Annabi Adamu ma an ce kada shi ci, ya ci, ya saɓa. Balle ni jikanshi mai igiya?"

Ya kayar da rago, ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Ɗan Yaya ne ke riƙe da ƙafafun. Kowa jini yake kallo, ni hannunsa nake kallo, na ga ya sassauta. Da ya miƙe kuma sai ya kai hannu kunne ya murza. Na ce a raina, to, akwai magana.

Ku da ba ’yan nan ba, ga yadda muke yi. In an feɗe rago sai a buɗe shi a kan sanduna, a jingina shi gefen wuta ya yini yana gasuwa a hankali, ba a taɓa shi sai washegari, ran nan ne ake rabo a kai wa dangi da maƙwabta. Ranar Sallah kayan ciki ake ci. Hanta ce farko, don maza ba su sa kome a baki tun asuba sai ita. Na gasa ta, na kawo. Malam ya yanki tasa, ya yanko wata ya miƙa wa ɗansa. Yaro ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ɗan juya, ya tura ta ƙarƙashin faifai.

Ya ɗauka ba wanda ya gani. Na gani. Yaya ma ta gani, don ita abinci ba ya wuce ta. Abin da ban zata ba, ashe Malam ma ya gani.

"Ba ta gasu ba?" in ji shi.

Yaro ya durƙusa. "Baba, ka gafarce ni. Maganar da ka yi kafin ka yanka ita ta tsaya mini. Annabawa ma'asumai na. Allah Ya tsare su daga saɓo, babba da ƙarami. Malaminmu ya ce wanda ya jingina musu saɓo tauhidinshi ya tsage, kuma yankan mai wagga magana akwai shakka."

Malam ya fara dariya, ya ga ba wasa ba ne, ya bar ta. "Ni na ce ko Allah Ya ce? Buɗe Suratu Ɗaha. Adamu ya saɓa ma Ubangijinshi, haka ta zo. Tun kana goye nike karanta ta."

"Ka koma baya kaɗan cikin surar, Baba. Cewa anka yi ya manta, ba a same shi da ƙudurin yi ba. Mai mantuwa ba mai saɓo ba na. Kuma lokacin ba a aiko shi ga kowa ba."

"To in bai yi kome ba, tuban mi ya yi? Shi da uwarmu Hawwa'u sunka ce sun zalunci kansu. Annabi Yunusa cikin cikin kifi fa, mi ya ce? Kai ka fi su sanin abin da sunka yi?"

"Wannan ladabin manya na gaban Ubangiji. Abin da ni da kai za mu yi a ba mu lada, su in sun yi sai su ga sun gaza, don kusancinsu."

Malam ya ajiye wuƙa. Na san shi, in ya sassauta murya to abin ya kai zuci. "Yaro, ni abin da ya sa nike son kakanmu ke nan. Ya faɗi, ya tashi, Ubangiji Ya zaɓe shi. In bai taɓa tuntuɓe ba, wa zai koya ma irina yadda ake tashi?"

"In kuwa suna tuntuɓe, Baba, mu da anka ce mu bi sawunsu, wane sawu za mu taka, wane za mu tsallake?"

Gaskiya zan faɗa, in wannan ya yi magana sai in ji shi ke da ita, in wancan ya amsa sai in ji ta koma can. Har yau da nake wannan zance ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani shi ne wuta na ci, rago na ɗiga, uba da ɗa kuma kowa ya kafe kamar turken jaki. Yaya na gefe ta mai da malfarta, bakinta dai na ta motsi.

Can yaro ya miƙe, ya shiga ɗaki ya fito da buzunsa da gafakarsa, gafakar da uban ya kwana biyu yana yi mata ado da hannunsa. Ya ce wa matarsa, a hankali, kada ta taɓa naman sai ya dawo. Ya ce zai je wurin wani malami abokin malaminsa a cikin gari ya tambaya, can zai ci abinci.

Su aya suke gani, ni gobe nake gani. Sakkwato ba ta riƙe magana. In yaron nan ya zauna a zauren wani ranar Sallah da yunwa, aka tambaye shi dalili, kafin la'asar an ji a masallaci, kafin magariba an ji a bakin rijiya. Gobe in aika da nama gidan maƙwabta a dawo mini da shi a rufe. Malam, wanda duk ragon suna a layinmu shi ake kira ya yanka, a ce ɗan cikinsa ya ƙi cin yankansa? Wannan ba tabon da sabulu ke fitarwa ba ne. Malam kuwa ya juya baya yana gyara itacen da ba ya bukatar gyara, girman kai ya hana shi cewa dawo.

Ban san sa'ad da na tashi ba. Na dai gan ni tsaye a bakin zaure, da muciya a hannu, shi kuma yana gabana. Na dube shi cikin ido, abin da ban yi ba tun yana shan nono.

"Kai," na ce. "Koma ka zauna."

Buzu ya zame daga hammatarsa. Bai ma san da wane suna zai kira ni ba.

"Ni ban san ko mantawa anka yi ko saɓawa ba," na ce, "ba ni wurin. Amma ba ka ƙetare zauren ga da yunwa ranar Sallah. Malami kake nema? Ga wadda ta koya maka alif can zaune tana lasar yatsa. Kai ma, Malam, bar itacen nan ka taho."

Yaya ta tafa hannu. Ita har na yi furfura ba ta daina ce mini amarya ba. "La'ilaha illallahu! Amarya ta yi magana da ɗana! Yau ko ba damina sai an yi ruwa." Ta gyara zama. "Ni da ma jira nike a tambaye ni. Ilimi ba talla ba na. Ku zo nan, ku duka."

Suka zauna gabanta a tabarma, mai furfura da mai baƙin gemu, kamar yaran da aka kama suna satar gyaɗa.

Ta fara da yaron. "Ɗana, ubanka ya ce wani annabi ya yi ƙarya?"

"A'a, Goggo."

"Ya ce ya ɓoye saƙo, ko ya ci amana, ko ya aikata alfasha?"

"Bai ce ba."

"To wannan shi na gindin itacen, kuma nan duk malamai sunka haɗu. Wanda ya sare shi ya fita daga addini. Abin da ya rage, ɗan tuntuɓen da ba na ganganci ba, nan reshe ya rabu. Wasu sun faɗi yadda ka faɗi, ni ma can zuciyata ta fi kwantawa. Wasu sun ce yana aukuwa, sai dai Allah ba Ya barin su a kai, nan take Yake gyara musu. Masu wagga da masu waccan duk manya na, sun yi sallah bayan juna, sun ci yankan juna. Duk suna nan cikin gafakar da ka rataya. Ku dai kun kai ƙarshen babin, ko kewar amaryarka ta taso ka?"

Matarsa ta ruga ɗaki. Yaro ya sunkuyar da kai, ya ce sun tsaya a tsakiya.

"Na sani. Tun ina budurwa na ga irinku, ɗalibai masu tare talakawa a kasuwa da tambaya, wanda ya kasa a ce ba a cin yankanshi. Manyanmu da sunka kafa garin ga su sunka tsawata musu. Rabin karatu ya fi jahilci yanka mutane."

Malam ya fara gyaran murya yana shafa gemu, irin na wanda shari'a ta ba gaskiya. Yaya ta juyo.

"Kai kuma, Auta, mi kake ma murmushi?" Dattijo mai furfura, amma a bakinta Auta ne har ya mutu. "Aya ta Allah ta. Shi Ya isa Ya ce ma bawanShi ka saɓa. Kai naka ka karanta ta cikin tilawa, ka yi shiru. Uba na ce ma ɗanshi ka yi wauta, amma baran gida ba shi ɗauka shi kai kasuwa. Ka kasa ɗaure rago, matarka ta taso maka, sai ka jawo annabin Allah ka laɓe bayanshi? Da alƙali ya ji ka ba zai ce ka fita ba, amma sai ya ja maka kunne. Matso in taya shi."

Ta kuwa kama kunnen ta murɗa. Malam ya yi ta istigfari, da gaske yake, na ga idonsa ya kawo ruwa. Da ta sake shi ya dubi ɗansa ya ce, "Wasan na janye shi, Allah Shi gafarta mini. Ayar kam tana nan inda take."

Yaro ya matso ya dafa ƙafarsa. "Baba, ka yafe mini. Na yi gaggawa. Amma ni har yanzu mantuwa nike gani."

"Yi ta gani, ba a hana ka ba. A ba shi hantarshi."

Na ɗaga faifai. Wayam. Muka dubi Yaya. Ta ce, "Ku kuna sama wurin annabawa, hanta na ƙasa tana hucewa. Almubazzaranci haramun na, wannan kam ba saɓani."

Aka yi dariya, har da shi. Amma ni dariya ba ta cika mini ciki. Baki ya ce ya yarda, ni kuwa hannu nake jira. Da aka soya sauran kayan ciki da la'asar, ya ce hayaƙi ya cika masa ciki, fura kawai ya sha. Ya ƙarasa yinin a bakin wuta yana juya ragon, idonsa jawur, wai hayaƙi. Ko kunya ce ta hana shi ci, ko sauran shakka, ban sani ba. Ni kuma bakina ya riga ya koma inda yake, ba zan sake tambayarsa ba.

Shekaru sun wuce yanzu. Malam ya riga mu gidan gaskiya, Yaya ma haka, Allah Ya jiƙansu. Uban da ɗan ba su taɓa daidaitawa a kan maganar nan ba, kowace Sallah sai sun tono ta, wannan ya jawo aya wancan ya jawo wata, suna yi suna miƙa wa juna gishiri. Ɗan Yaya yau shi ke karantarwa a zauren, kuma na ji ɗalibansa na cewa ba ya yarda a tashi a tsakiyar babi. Abin da ranar ta koya mini, ni da ban san baƙi ba, shi ne Littafi ɗaya ne amma idon da ke dubansa ba ɗaya ba ne, kuma mutum biyu na iya son annabi ɗaya, wannan don bai taɓa faɗuwa ba, wancan don ya tashi. Saɓani ba ya rushe gida. Abin da ke rushe gida shi ne a bar mutum ya fita da saɓanin kafin a zaunar da shi.

Washegarin waccan Sallar kuwa, tun da sassafe na sa aka sauke ragon. Na yanka rabon kowa, na dangi da na maƙwabta, na jera kwanuka a inuwar rumbu na rufe, na ce wa yarinyar ko ɗaya ba ya fita sai na ce. Sannan na ciro ƙodar nan biyu da kitsensu, na sa a akushin Malam, akushi ɗaya ba biyu ba, ba tuwon da zan ɓoye su a ciki. Na ba ta ta kai zaure inda suke zaune. Na tsaya a bayan zana. Ina jin su, sun bar Annabi Adamu sun koma cikin kifi. Akushi ya daɗe bai dawo ba.

Da ta kawo shi na buɗe. Ba ƙoda ko ɗaya. Gefe guda an sharɓe tas, irin cin Malam. A ɗaya gefen kuwa ga ɗan kitse an ɓare shi a tsanake, an ture shi bakin akushi.

Na ɗauki kitsen na jefa a baki, na ce wa yarinyar, "Tsayuwar mi kike yi? Ɗauki kwanuka, maƙwabta na jira."